Ƙaguwar Ƙarfe

Kududdufin nan ubana ne ya haƙa shi,
shi da dubu irinsa, kwano a ka,
zamanin da kuza ke mulkin Bukuru.
Kuza ta hau jirgin ƙasa ta tafi, rami ya zauna da mu,
ya cika da koren ruwa marar magana.
Shekara talatin da huɗu ina shayar da kabejina daga gare shi,
ban taɓa tambayar sa me ya haɗiya ba.

Jikata Barira ce ta tambaya.

Ta zo daga jami'a da ƙawarta Kachollom
da wani akwati mai taya huɗu da ido ɗaya.
Suka sake shi a gaɓa. Ko kamu uku bai yi ba
taɓo ya cafke shi kamar mai bin bashi,
taya na juyi, tana feshe mu da laka.
Na yi dariya har hulata ta faɗa kwami.

Washegari babu akwati.
Na iske su rub da ciki a bakin ruwa,
sanyi na cizon kunne, biro a baki,
suna kallon ƙaguwa.
Ƙaguwa fa! Wadda nake shurewa
in ta toshe mini bakin tiyo.
Barira ta ce, "Kaka, dubi yadda take raba nauyinta.
Ba ta gardama da laka:
huɗu na tsaye, huɗu na neman wurin tsayawa."
Na ce, "Ashe kuɗin makarantar da na biya
na koyon tafiyar karkace ne?"

Wata bakwai gidana bai huta ba.
Laimata ta wayi gari babu haƙarƙari,
fankar ɗaki ta rasa zuciya,
mai walda na bakin kasuwa ya daina karɓar kuɗinsu
don ya ga ƙarshen haukan.
Wata rana suka bi buzuzu tun daga garke har gindin dutse,
suna ƙirga yadda yake mulmula kayansa da baya,
bai zubar ba, bai ji kunyar kowa ba.
Kachollom ta ce haka za su dunƙule leda.

A rediyo suna kiran irinsa mutum-mutumi.
Wannan bai ɗauko komai daga mutum ba,
kuma ina jin dabarar ke nan.
Mu ne muka haƙa, mu ne muka zubar.

Ranar Talata, bayan la'asar,
ya sauka da ƙafa takwas, a kaikaice,
laka ta buɗe baki, ta rasa abin kamawa.
Ruwa ya rufe shi. Na ji kaina ina addu'a
ga abin da ba shi da rai.
Ya fito da curin leda kamar tulu,
da takalmin yaro, ƙafar hagu,
wanda babu wanda ya yi magana a kansa,
da 'yar kwalba cike da baƙin ƙasan rami.

Kwalbar ce ta fi nauyi.
Mako biyu, takarda ta dawo da hatimi:
akwai dalma a gefen gabas,
daidai inda nake jefa tiyo.
Barira ta karanta, ba ta ɗago ido ba.
Na tuna kwandunan da na kai Farin Gada,
na tuna miyar da na ci, na ba ta.

Kabejin bana na mayar da shi ƙasa da hannuna.
Na ja inji zuwa rafin yamma, tafiyar da gwiwa ba ta so.

Jiya da asuba na sami ƙaguwa a bakin tiyo.
Na durƙusa, na ɗauke ta a tafin hannu,
ta ɗaga mini hantsakinta.
Na ce, "Gafara dai, Malama,"
na ajiye ta a kan laka,
na tsaya ina kallon yadda ake tafiya.